Kashi nawa cikin ɗari? Sharhi kan amfani da samfuri a binciken harshe, da misali daga Madarumfa

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala sharhi ce kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kundayen ɗalibanmu masu nazarin harshe a cikin al'umma, har ma da rubuce-rubucen wasunmu malamai. Ɗabi'ar kuwa ita ce mai bincike ya je gari, ya yi hira da mutum 30 ko 40, ya dawo ya cika shafuka da jadawalin kashi cikin ɗari, sa'an nan ya rufe da cewa mutanen wuri kaza haka suke magana. Ba a faɗin yadda aka zaɓo mutanen, ba a kuma faɗin girman kuskuren da ke iya kasancewa a cikin adadin. Mu kuma masu zama a kwamitin jarabawa mukan tsaya wajen gyara rubutun baƙaƙe masu lanƙwasa da jerin manazarta, mu wuce jadawalin kamar ba namu ba ne.

Mun ɗauki gundumar Madarumfa a matsayin misali saboda ɗalibai suna son ta, kuma suna da hujja. Tana kudu da Maraɗi, a bakin iyaka, a kan hanyar da ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina. A can ne aron Faransanci da aron Ingilishi suke gwamuwa a bakin mutum guda, wani ya ce bik, wani ya ce biro, wani ya faɗi duka biyun gwargwadon wanda yake magana da shi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba gundumar mutum 448 863, a cikin ƙananan hukumomi shida: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Alƙaluman misalan da ke biye kuwa mu muka ƙaga su domin lissafi ya fito fili; ba na wani kundi ba ne, amma duk wanda ya taɓa duba kundi zai gane kamanninsu.

2. Abin da adadi guda yake ɓoyewa

A ɗauka ɗalibi yana binciken yadda ake furta baƙin da Hausar Kano ke da shi a cikin tafi, wanda a ƙasashen yamma ake ji a matsayin tahi. Ya saurari mutum 40, ya tarar 26 suna cewa tahi. Ya raba, ya sami 65%. Har nan babu laifi: a cikin mutum 40 ɗin nan, gaskiya ne kashi 65 ne. Laifin yana farawa ne a layi na gaba, inda zai rubuta cewa kashi 65 na mutanen Madarumfa suna cewa tahi. Ya tsallaka ke nan daga samfuri, wato abin da ake kira échantillon da Faransanci, zuwa uwar jama'ar da aka ɗebo shi daga cikinta, ba tare da ya nuna gadar da ya bi ba.

Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ita ce: da wani abokin karatuna ne ya je, ya ɗebo wasu mutum 40 dabam, nawa zai samu? Ana iya gwada wannan a cikin aji ba tare da an je ko'ina ba. A zuba farin wake da ja a ƙwarya, fari kashi 60, ja kashi 40, a gauraya sosai, kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗebi ƙwaya 40, ya ƙidaya fararen, ya mayar, a sāke gaurayawa. In an rubuta sakamakon kowa a allo, za a ga wani ya sami 55, wani 62,5, wani 70, alhali ƙwaryar ba ta canza ba. In an yi ta maimaitawa, adadan za su taru a kusa da 60, suna raguwa ta dama da hagu, siffarsu kamar tarin hatsi a masussuka. Wannan tari shi ne muke kira watsuwar samfura, distribution d'échantillonnage, kuma a kansa dukkan hujjar ƙididdiga take tsaye. Adadin da ɗalibinmu ya kawo daga Madarumfa ɗiba guda ce daga cikin irin wannan tari, sai dai shi ba ya ganin sauran.

Ba sabon ilimi ba ne. De Moivre ya nuna siffar tarin tun 1733, Laplace ya faɗaɗa ta a 1810, ya kuma yi amfani da ƙidayar wasu garuruwa da aka yi a 1802 ya kimanta yawan mutanen Faransa a kan kimanin miliyan 28, tare da lissafin kuskuren da ke iya shiga. Mu da muka yi karatu da Faransanci ba mu da uzurin cewa abin na masu lissafi ne kawai, domin Charles Muller ya rubuta shi saboda masu nazarin harshe tun 1968, a cikin Initiation à la statistique linguistique.

Faɗin tarin ana auna shi da ma'aunin kuskure, erreur type. Ga kaso, a ninka kason da cikonsa, a raba da yawan mutane, a fitar da tushen murabba'i. A misalinmu: 0,65 sau 0,35 ya ba da 0,2275, a raba da 40, a fitar da tushe, a sami 0,075, wato ɗigo 7,5 cikin ɗari. Da yake kashi 95 na ɗibe-ɗiben suna faɗawa ne a tsakanin ma'auni 1,96 ta kowane gefe na gaskiyar, sai a ninka, a sami kusan 15. Saboda haka abin da ɗalibin yake da ikon rubutawa shi ne cewa kason yana tsakanin 50 da 80. Wannan ita ce tazarar amincewa. Tsakanin rabin jama'a da huɗu bisa biyar ɗinsu akwai tafiya mai nisa: na farko yana nufin lafuzza biyu suna kokawa kafaɗa da kafaɗa, na biyu yana nufin ɗaya ya rinjayi ɗaya. Babi na huɗu na kundin, inda ake fassara sakamako, ya dogara ne kacokan a kan wanne ne daga ciki, kuma mutum 40 ba su isa su raba gardamar ba.

Abubuwa biyu ne suke ba ɗalibai mamaki a nan. Na farko, saboda tushen murabba'in nan, ba a rage kuskure zuwa rabi sai an ninka mutane sau huɗu. Da mutum 400 tazarar za ta koma wajen ɗigo 5, kuma ba za ta sauko zuwa 3 ba sai an kai wajen mutum 1000. Na biyu, yawan uwar jama'a bai shiga lissafin ba, matuƙar tana da yawa sosai. Mutum 1000 da aka zaɓa da ƙuri'a suna ba da tazara iri ɗaya ko ana maganar Madarumfa ne ko Nijar baki ɗaya mai mutum sama da miliyan 17 a 2012. Maganar da ake yawan ji a wurin kare kundi, wai samfuri sai ya kai kashi 10 na jama'a, ba ta da tushe. Mai ɗanɗana miya ba ya ƙara girman ludayi don tukunya ta biki ce. Motsawa yake ƙarawa.

3. Bambancin da babu shi, da sifilin da ba sifili ba

Inda abin ya fi muni shi ne wajen kwatanta rukunoni. Ɗalibinmu ya raba mutanensa 40 gida biyu, maza 20, mata 20. Maza 14 sun ce tahi, wato 70%. Mata 12, wato 60%. Daga nan sai shafi uku na bayani: mata sun fi sauraren finafinan Kano, mata sun fi son lafazi mai daraja kamar yadda aka gani a Amurka da Ingila, da sauransu. Bayanin yana da daɗin karatu, mai yiwuwa ma gaskiya ne. Amma bambancin da aka gina shi a kai mutum biyu ne rak. Ma'aunin kuskuren bambanci tsakanin kaso biyu ana samun sa ta haɗa na kowannensu: 0,7 sau 0,3 bisa 20, a tara da 0,6 sau 0,4 bisa 20, ya ba da 0,0225, tushensa 0,15. A ninka da 1,96, a sami wajen ɗigo 29. Ke nan bambancin na gaskiya yana iya zama 39 a ɓangaren maza, yana iya zama 19 a ɓangaren mata, yana iya zama babu. In aka ci gaba da yanka waɗannan 20 ɗin bisa shekaru da zurfin karatu da sana'a, kamar yadda ake yi, sai a iske akwatin jadawali mai mutum uku an rubuta masa 66,67%, da lambobi biyu bayan waƙafi.

Sai kuma sifili. Ɗalibi ya tambayi mutum 40 harshen da suke yi a gida, babu wanda ya ce Fulatanci, sai ya rubuta cewa Fulatanci ya ɓace a yankin. A nan lissafin da muka yi a sama ba ya aiki, domin zai ba da kuskure sifili, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Tun 1927 Wilson ya ba da hanyar da ta fi dacewa da kason da ke kusa da 0 ko 100. Akwai kuma wata gajerar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: in ba a ga abu ba ko sau ɗaya a cikin samfuri, a raba 3 da yawan mutanen, abin da ya fito shi ne iyakar sama. Uku bisa 40 ya ba da 7,5%. A gunduma mai yawan Madarumfa, wannan ya haura mutum 33 000. Wanda ya taɓa ratsa dajin Baban Rafi ya ga rugage ba ya buƙatar lissafi kafin ya yi shakkar wannan sifili, amma mai karanta kundin a Yamai ko a ƙasar waje ba shi da abin riƙewa sai jadawalin.

4. Mutum muke ƙidayawa ko kalma?

Wannan kuskure namu ne na masu nazarin harshe, kuma mai wannan rubutu ya tafka shi a kundinsa na digiri na uku, a gaban malamai biyar da babu wanda ya ɗaga gira a cikinsu. Ga yadda yake. An ɗauki muryar mutum 40, kowannensu ya furta kalmomi 25 masu ɗauke da baƙin da ake bincike. Jimla furuci 1000. Sai mai bincike ya sa 1000 a cikin lissafi, tazararsa ta koma ɗigo 3, ya yi murna.

To amma furucin nan 1000 ba ƙwayoyin wake 1000 ba ne. Wanda ya ce tahi a kalma ta farko, mafi yawanci zai ce hwari a ta biyu, domin baki ɗaya ne, tarbiyya ɗaya ce. Furuci na 25 daga bakin mutum guda ba ya kawo labarin da furuci na farko daga bakin sabon mutum zai kawo. Leslie Kish (1965) ya ba da hanyar auna wannan asara: a cire 1 daga yawan abin da ke cikin kowane gungu, a ninka da ma'aunin kamanceceniyar da ke tsakaninsu, a ƙara 1. In muka ɗauka kamanceceniyar 0,5 ce, wato 24 sau 0,5 a ƙara 1, za mu sami 13. Furucin 1000 darajarsu ta 77 ce ke nan, tazarar kuma ta tashi daga 3 ta koma wajen 11. Herbert Clark (1973) ya ja kunnen masu binciken harshe a kan ɗaya fuskar matsalar, wato cewa su kansu kalmomin da muka zaɓa samfuri ne daga cikin kalmomin harshen, ba a kuwa zaɓe su da ƙuri'a ba.

Haka abin yake ga gida da ƙauye. Mutum takwas daga gida guda, kaka da ƴaƴa da jikoki, ba shaidu takwas ba ne. Ɗalibin da ya sauka a gidan kawunsa a Safo ya yi dukkan hirarrakinsa a unguwa guda, gungu ɗaya yake da shi komai yawan kaset ɗin da ya cika.

5. Matsakaici

Ba za mu daɗe a nan ba, domin hujjar iri ɗaya ce. Tun da manhajar Praat ta shigo hannun ɗalibai, auna tsawon wasali ya zama abin yayi, kuma da yake Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, aikin yana da amfani. Sai dai masu magana ba su cika wuce biyar ko takwas ba. A ce matsakaicin dogon wasali a bakin mutum 8 ya kama 120 cikin dubu na daƙiƙa, watsuwarsu 20. Ma'aunin kuskure shi ne 20 bisa tushen 8, wato wajen 7. Da ƙaramin samfuri irin wannan ba a ninkawa da 1,96, domin ita ma watsuwar kimanta ta aka yi daga mutum takwas ɗin. A jadawalin da ya samo asali daga aikin Gosset, wanda ya buga a 1908 da sunan Student, adadin mutum 8 shi ne 2,36, na mutum 5 kuwa 2,78. Tazarar ta zama daga 103 zuwa 137. A rubuta haka, a kuma nuna matsakaicin kowane mai magana shi kaɗai, ya fi a haɗe su cikin adadi guda.

6. Saman buhu

Duk lissafin da ya gabata yana da sharaɗi guda: cewa da ƙuri'a aka zaɓi mutanen, kowa a cikin uwar jama'a yana da rabon a faɗo a kansa. In sharaɗin ya faɗi, tazarar amincewa ado ce kawai. Mai sayen hatsi a kasuwa ya san wannan, shi ya sa ba ya yarda da tiyar da aka ɗebo masa daga saman buhu. Hannu yake turawa har ciki. Ƙarin tiyoyi daga saman ba sa gaya masa abin da ke ƙasa. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2 ta yi hasashen Landon zai ci zaɓe, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Shekara biyu kafin nan Neyman ya riga ya nuna dalilin da ya sa zaɓen ganin dama ba ya tsayawa a matsayin ƙuri'a.

Yanzu mu duba saman buhun Madarumfa. Ɗalibi yakan isa ne a lokacin hutu ko da rani, sa'ad da samari da yawa sun tafi cin rani. Su ne kuwa suka fi kowa kawo aron Ingilishi. Ladabi ya sa ya fara da gaida maigari, maigari kuma ya kira masa dattawan da suka iya magana, domin a ganinsa baƙo daga jami'a bai kamata a haɗa shi da yara ba. In namiji ne, matan aure da ke cikin gida ba zai gan su ba, sai tsofaffi da ƴan mata masu talla, su ne za su zama mata a jadawalinsa. In ya zaɓi ranar kasuwa ko lokacin ziyarar kaburburan waliyyai a bakin tafki domin ya sami jama'a, wani kaso na waɗanda zai tambaya baƙi ne. Ƙauyukan da mota ba ta kaiwa da damina ba sa shiga. Bayan haka ga tambayar kanta: wanda aka ce masa tahi kake cewa ko tafi, yana amsawa ne da abin da yake jin ya dace a faɗa wa ɗan boko mai riƙe da takarda.

Akan kawo Labov a matsayin kariya, wai shi ma mutum 264 ya tambaya a manyan kantuna uku na New York a 1962, ba tare da ƙuri'a ba. Gaskiya ne. Amma bai ce waɗannan su ne mutanen New York ba. Kantunan yake kwatantawa, kuma babban bincikensa da ya fito a 1966 ya jingina ne a kan samfurin da masu binciken zamantakewa suka riga suka zaɓa bisa ƙa'ida a unguwar Lower East Side. Ba ma cewa hira da mutum goma ba ta da daraja. Mafi yawan abin da muka sani na nahawun karin harsunan Hausa daga bakin ƴan tsirarun mutane aka samo shi. Irin wannan aiki yana iya tabbatar da cewa siga kaza tana nan, a muhalli kaza take fitowa. Abin da ba ya iyawa shi ne faɗin mutum nawa ke amfani da ita.

7. Daga gunduma zuwa ƙasa

Wani zai ce kundin ɗalibi ne, a kabad zai ƙare. Ba haka abin yake tafiya ba. Kundi yana ambaton kundi, maƙala ta ambaci kundin, rahoton wata ƙungiya ya ambaci maƙalar, a kowane mataki ana yar da yawan mutanen a riƙe kason. Tun daga makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida da aka fara a 1973, zuwa dokar 2001 da ta lissafa harsunan ƙasa goma, zuwa kundin tsarin sāke gina ƙasa na watan Maris 2025 da ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar nan ta mutum nawa ke jin wane harshe a ina ba ta taɓa barin teburin hukuma ba. Da ita ake yanke harshen da za a buɗe aji da shi a ƙauye, da irin Hausar da za a buga a littafin ƴan aji ɗaya.

Adadin da ake da shi mai ƙarfi shi ne na ƙidayar 2001: Hausawa 55,4%, Zabarmawa da Sonrai 21%, Abzinawa 9,3%, Fulani 8,5%, Barebari 4,7%. Ƙidaya ba ta da kuskuren samfuri tun da kowa ake nufin ƙirgawa, amma wannan jadawali na ƙabila ne, ba na harshe ba. Bafulatanin Gabi da ya tashi da Hausa a bakinsa yana layin Fulani, ɗan kasuwar Yamai da ke ciniki da Hausa yini guda yana layin ƙabilarsa. Shi kuwa kashi 80 da ake yawan rubutawa a matsayin masu jin Hausa a Nijar, a wuraren da muka ci karo da shi ba ya zuwa da yawan waɗanda aka tambaya, balle ma'anar jin harshe: gaisuwa da ciniki, ko iya bin darasin lissafi? Mai yiwuwa adadin yana kusa da gaskiya. Mu da muke son ci gaban Hausa mu ya fi kamata mu matsa a auna shi, domin wanda ba ya so zai yi tambayar ko ba mu yi ba.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2012 ya yi hira da mata 11 160, an zaɓo su mataki biyu: ƙuri'ar yankunan ƙidaya, sa'an nan ƙuri'ar gidaje a cikin kowane yanki. A ƙarshen rahoton akwai rataye na musamman mai nuna ma'aunin kuskure da tasirin gungu na manyan adadai. Duk da wannan yawa, sakamakon ya tsaya ne a matakin jaha. An ba da na Maraɗi, ba a ba da na Madarumfa ita kaɗai ba, domin rabonta a cikin samfurin bai isa ba. Ɗalibinmu mai mutum 40 yana faɗin abin da masu mata dubu goma sha ɗaya suka ƙi faɗa.

Binciken da zai ba gundumar adadi mai tsayawa ba ya fi ƙarfin sashe guda. A jefa ƙuri'a a kan ƙauyuka 30 daga jerin ƙidaya, manya su fi ƙanana rabon fitowa gwargwadon yawansu. A kowane ƙauye a jera gidaje, a zaɓi 15 da ƙuri'a, a kowane gida mutum ɗaya, shi ma da ƙuri'a, ko da mai gida ya so a yi da shi. Mutum 450 ke nan. In kamanceceniyar ƴan ƙauye ɗaya ta kai 0,1, tasirin gungu zai zama 2,4, darajar samfurin ta koma wajen 190, tazarar kuma wajen ɗigo 7. Aikin ɗalibai goma ne, rabinsu mata, a zuwa biyu, ɗaya bayan girbi kafin masu cin rani su tashi, ɗaya da rani. Kowannensu ya ɗauki tambayarsa daga cikin kaset ɗin da suka tara tare ya rubuta kundinsa a kai.